Ɗan yayata da injin ɗura harsashi: yadda muka ƙare da jerin kayan da ya so turowa Kaduna

Wannan magana a gidana ta faru cikin daminar da ta wuce, kuma na daɗe ina juya ta a raina ko in rubuta ko in bari, daga ƙarshe naga gara in baje ta yadda take tun daga tushe, saboda na tabbata ba yarona kaɗai bane yake kallon bidiyon nan na turawa masu ɗura harsashi a waya yana ta lissafi a zuciyarsa.

Ɗan yayata ne, shi kaɗai ne namiji a wajenta, mahaifinsa Allah ya yi masa rasuwa tun yana sakandare. Allah ya bashi kai, ya samu gurbin karatun injiniya a wata jami'a a jihar Teksas ta Amurka, shekararsa biyu kenan a can. Da yazo hutu wajen uwarsa ya sauka a Barnawa amma kusan kullum bayan isha'i yana nan gidana a Tudun Wada muna shan shayi, dan tun yana ɗan firamare ni nake bashi sifana da sukudireba ya zauna ya kwance tsohuwar rediyo ya mayar. Ni fita ne, wato mai haɗawa da gyaran injina, shekara ashirin da ɗoriya nayi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri kafin su durƙushe, yanzu ina da ɗan shago kusa da Panteka ina gyaran injin niƙa da famfon ban ruwa.

Wani dare ya miƙo min wayarsa yace Kawu dan Allah duba min wannan jerin, kai ka san ƙarfe, wanne ya kamata in fara da shi? Na karɓa naga hotunan wasu injina masu hannu kaman na matse gwangwani, ga sikeli, ga kalifa ta auna kauri da tsawon ƙarfe, ga wasu ƙarafa masu zare kaman fulogin mota. Nace na mene ne? Yace na ɗura harsashi ne.

Sai ya min bayani. A can Amurka mutanen da suke harbin gwaji ko farauta da yawansu basa zubar da kwanson harsashi in sun harba, tagulla ce, kuma ita ce mafi tsada a jikin harsashin, toh sai su tattara abinsu su kai gida su gyara su sake ɗurawa. Wasu dan sauƙin kuɗi suke yi, wasu kuma dan sunfi son harsashin da suka auna da hannunsu ya dace da bindigarsu. Dokar tarayya ta can bata hana mutum yayi dan amfanin kansa ba, in zai sayar ne dole ya nemi lasisi. Shi kuma yana da aboki ɗan ajinsu wanda mahaifinsa tsoho ne da ya shekara talatin yana wannan aiki a garejin gidansa, a nan ya gani, a nan abun ya shiga ransa, har ya tara dala 700 daga ɗan aikin da yake yi a ɗakin gwaji na makaranta.

Gaskiya jerin ya burge ni, kuma zan faɗi abinda ke ciki saboda yaron bai yi shirme ba wajen zaɓi, yayi tunani. Injin matsin iri uku ne ya ajiye. Akwai mai aiki ɗaya, wanda zaka ɗaura masa ƙarfe guda ka gama wannan aikin akan duk kwansunanka sannan ka kwance ka ɗaura na gaba. Akwai mai kai mai juyawa wanda yake ɗaukar ƙarafa da yawa a lokaci guda kana juya shi. Sai babbansu, irin wanda kamfanin Dillon ya shahara da shi, wanda duk jan hannu ɗaya ayyuka huɗu ko biyar ne ke gudana tare kuma harsashi gamamme ne yake faɗowa. Shi wannan na ukun ransa yake so, dan shi ne yake ɗaukar ido a bidiyo, amma yace tsohon ya ce masa kul, sabon shiga da mai aiki ɗaya yake farawa, ya nuna masa Rock Chucker na kamfanin RCBS, kamfanin da yake nan tun 1943, ko kuma na Lee da yafi araha, ko na Hornady. Nace masa wannan tsohon malami ne na gaske. A masaƙa bamu taɓa ɗora sabon yaro akan injin da yake gudu ba, saboda injin mai gudu in kayi kuskure baya tsayawa ya gaya maka, maimaita kuskuren zai yi ta yi har sai an tara yadi ɗari na ɓarna kafin wani ya lura, toh ina ga abun da kuskurensa a fuskarka zai fashe? Mai aiki ɗaya yana tilasta maka ka kalli kowane kwanso da idonka, kuma hannunka yana jin in wani abu ya cije. Kuma ƙarfen zubi ne mai nauyi wanda babu abun lalacewa da yawa a jikinsa, irin kayan da jika yake gada.

Inda nafi daɗewa shine wajen sikeli da kalifa, dan nan ne fannina. Su wajen auna garin albarushin da ake zubawa a kwanso da wani ma'auni suke aiki da suke kira giren, guda 7,000 ne suke cika fam ɗaya, wato a cikin giram ɗaya tak akwai giren 15 da ɗan wani abu, kuma sikelin nasu har kashi ɗaya cikin goma na giren yake nunawa. Ka duba ƙanƙantar abun. Ya tambaye ni tsakanin mai lambobi na batir da mai sanda na gargajiya wanne yafi, nace in ni ne mai sanda zan fara riƙewa dan shi baya yaudara da raunin batir ko zafin ɗaki, in ma ka sayi mai lambobi toh ka sayi duwatsun gwajinsa ka dinga tabbatar da shi. Kalifa kuwa nace kar ya sayi ta roba ko ta banza, na sha ganin yara a Panteka sun ɓata shaf saboda kalifar da bakinta ya sake. Sauran kayan akwai ƙarafan nan masu zare waɗanda kowane girman harsashi da nasa, akwai abun datse bakin kwanso saboda tagulla tana miƙewa in ana ta harba ta, akwai tabarau na kare ido, sai kuma littafi, kamfanoni irin su Lyman da Hornady da Speer suna buga manyan littattafai na alƙaluman da aka gwada a ɗakin gwaji, kuma yace tsohon cewa yayi littafi ake fara saya a karanta kafin a sayi ko da kusa ɗaya, kuma duk wanda ya ɗauki alƙalumansa daga bakin wani a intanet ya sayar da idonsa. Ni kuma na ƙara masa da maganar dalmar da ke jikin harsashi, nace kar ka raina ƙurar nan, mu nan arewa munga abinda gubar dalma tayi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa dutsen zinari a cikin gidaje, duk aikin da yake da dalma ba'a yinsa a inda yara suke rarrafe ko inda ake cin abinci.

Mun fi awa ɗaya a haka, shayi har ya huce, ni duk a zatona a can Teksas zai ajiye kayan. Wannan laifina ne kuma na yarda da shi, tambayar da ya kamata in fara yi ita na bari ƙarshe. Nace toh a ina zaka kafa teburin, ɗakin makaranta zasu barka? Yace a'a Kawu ai nan zan turo, akwai wani mai kago, wato mai jigilar kaya, a Hustan da yake loda motoci a kwantena zuwa Legas, sai a cusa kwalin a but tare da kayan sawa, in na gama karatu na dawo in tarar da su, ɗakin baya na gidan Mama zan gyara.

Wallahi sai naji jikina yayi sanyi har ƙafa. Ban yi masa faɗa ba a daren, nace kawai kar ka biya ko sisi sai mun ga wani mutum gobe.

Mutumin lauya ne, masallaci ɗaya muke sallah, dattijo mai haƙuri. Bayan la'asar muka same shi a ofishinsa, ya saurari yaron har ya gama bai katse shi ba, sannan ya jawo dokar bindigogi ta ƙasar nan, wadda take nan tun 1959 kuma tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ya buɗe ya ajiye a gabansa yace ɗana kai ɗan boko ne, karanta da kanka.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Gidan farko sune haramtattu, irin su mashinga da fistol da bindigogin soja, har girman bakinsu an rubuta, 7.62 da 9 na milimita da .300 da .303 na inci, waɗannan sai da lasisin shugaban ƙasa. Gida na biyu na amfanin kai, irin bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu da bindigar farauta da ta iska, lasisinsu a hannun Babban Sufeton 'yan sanda yake. Gida na uku sune na ɗuri ta baki, bindigar toka da danginta, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke bada nasu. Wannan duk maganar riƙewa ce. Maganar ƙerawa kuwa tana sashe na 22, wanda ya hana kowa ƙera ko harhaɗa ko gyara bindiga ko harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka kafa dan sojoji da yardar shugaban ƙasa, in banda 'yan ƙananan ƙofofi da aka bari na masu gyara da maƙeran bindigar toka, su ma sai da takardar izini. Hukuncin yana sashe na 27, kuma ba cewa akayi har zuwa shekara goma ba, cewa akayi mafi ƙaranci shekara goma. Shigo da su ba bisa ƙa'ida ba shi ma haka.

Yaron ba mai saurin sallamawa bane, kuma naji daɗin hakan dan gara ya fitar da duk abinda ke ransa a gaban wanda ya sani. Yace Barista ai ni ba bindiga zan shigo da ita ba, kuma ba harsashi ba, kayan aiki ne kawai kaman na shagon Kawu. Lauyan ya mayar da shi wajen da doka ta fassara kalmar harsashi, ashe ba gamammen kaɗai take nufi ba, harda kowane ɓangare na jikinsa, wato kwanson da babu komai a ciki ma in an same shi a matsayin kayan haɗi ya shiga. Yace injin shi kaɗai lauya zai iya tsayawa yayi ta gardama akansa a kotu, amma gardamar kana tsare ake yinta, kuma injin da bashi da wani aiki a duniya sai ɗura harsashi me zaka ce wa alƙali ka sayo shi kayi da shi? Sannan kaya irin waɗannan basa shigowa sai da takardar shaidar mai amfani daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma kwastam idonsu a buɗe yake akan kwantena tun kamen bindigogi 661 da akayi a Legas a watan Janairun 2017, ga na tashar Onne a Yulin 2024, bindigogi 844 da harsasai 112,500. Yace wanda ya ɓoye kwali a but ɗin mota ya riga ya rubuta wa mai gabatar da ƙara rabin aikinsa, dan ɓoyewar ita ce shaidar ka san haramun ne. Kuma sunan wa zaka sa a matsayin mai karɓa? Yaron yayi shiru, dan sunan uwarsa ya yi niyyar sawa.

Ya sake cewa toh in na nemi lasisi fa? Lauyan yace lasisin riƙe bindiga daban, izinin ƙera harsashi daban, na farkon baya haifar da na biyun, mai lasisi sayen harsashinsa yake yi daga dila mai rajista kuma adadi ne a rubuce. Balle ma a watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bada sabon lasisin. Sai yaron yace amma maharba ai suna ɗura bindigarsu da kansu. Lauyan yace eh, bindigar toka ta baki ake ɗura ta kuma bata da kwanso, gidanta daban ne a doka, kar ka haɗa ta da abinda kake magana.

Akwai wani abu kuma da ni na lura da shi tun a daren farko amma sai a ofishin ya faɗo min. Ƙarafan da ya zaɓa na girman .308 ne, dan ita ce bindigar tsohon da ya koya akai. Toh wannan girman kusan tagwaye ne da 7.62 na bindigogin soja irin su G3 da FN, ni da na zauna a Kakuri na san wannan lambar dan maƙwabtanmu ne masana'antar ƙera makamai ta DICON, wadda aka kafa tun 1964 kuma wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner ya gina ta, muna da abokai da suka yi aiki a ciki muna haɗuwa a wajen mai shayi. Ka ɗauka an tsayar da kai a shingen bincike a hanyar Kachia ko ta Birnin Gwari an samu irin wannan kwanson cike da leda a motarka, wane jami'i ne zai tsaya kana masa bayanin bambancin na farauta da na soja? A Kadunan nan ta yanzu?

A mota muna dawowa ne ainihin maganar ta fito. Mun wuce gadar kogin Kaduna yana kallon taga sai yace Kawu kai ma ka san ba wasa ne yasa nake son abun nan ba. Nace na sani, faɗi. Gonar mahaifinsa ce, tana bayan Kujama a ƙaramar hukumar Chikun, damina biyu kenan uwarsa bata taka ta ba saboda tsoron masu garkuwa, an bar ta a hannun wani mai gadi, birai da gadu suna cin rabin masarar, rabin kuma baka san inda yake shiga ba. Yace yana can yana karatu amma duk sanda wayarsa tayi ƙara da dare gabansa faɗuwa yake, yana nan gida aka kai harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, yana can yaji na ɗaliban Kuriga a Maris 2024, yace har yaushe mutum zai zauna hannu rabbana, waɗancan basu nemi lasisin kowa ba, mu masu bin doka mu ne kullum a ƙasa, ko gwamnan Zamfara a 2022 ai cewa yayi mutane su nemi bindiga. Muryarsa har rawa take.

Ban ce masa ƙarya yake ba dan ba ƙarya yake ba, ni ma ina da wanda aka ɗauka a dangin matata muka sayar da fili muka karɓo shi. Maganar gwamnan kuwa na tuna masa cewa a lokacin babban hafsan tsaro fitowa yayi yace gwamna bashi da wannan hurumin, kuma dokar bata canza ba saboda sanarwar. Amma abinda na fi tsaya masa akai ba doka bane, nace ka yi tunanin ranar da labari ya fita cewa akwai wani gida a Barnawa da ake ɗura harsashi, kuma labari sai ya fita, mai gyaran wuta zai shiga ɗakin, yaron maƙwabta zai leƙa, almajirin gida zai share ƙofar. Mutanen dajin nan abinda suka fi nema shine harsashi, kullum muna ji a labarai an kama masu kai musu shi a cikin buhun hatsi ko jarkar manja, toh ka zama mutumin da ya iya haɗawa kuma yana da injin, kana ganin kuɗin fansa zasu nema a kanka? Kai ɗin zasu riƙe. Ta ɗaya gefen kuma jami'an tsaro ne zasu ɗauke ka a matsayin mai yi musu safara, uwarka kuma mai gidan da akayi a ciki. Abinda ka sayo dan ka kare ta shi zai jawo mata ɓangarorin biyu ƙofar gida.

Kwana biyu bai zo shan shayi ba. Uwarsa ta kira ni tace me ka yi wa ɗanka yake ta kumbure-kumbure, nace Yaya bar shi zai huce, ban gaya mata komai ba a lokacin dan hawan jini gare ta.

Rana ta uku da ya dawo sai na ɗauke shi muka je wajen wani tsohon maharbi da nake gyara wa injin niƙa, mutumin yankin gonar ne kuma yana cikin ƙungiyar maharba mai rajista. Muka gaisa yaron ya durƙusa yace Baba ina wuni, ya faɗi matsalar birai da gadu, bai kawo maganar injin ba. Tsohon ya tambaye shi wace irin bindiga yake tunani, da yaji sai ya girgiza kai yace ɗana bayan gonarku akwai ruga, akwai matan da suke shiga itace, akwai yara masu kiwo, wannan harsashin da kake faɗa in ya kuskure biri ina zai tsaya? Kuma gaskiyarsa ne, harsashin irin wannan bindiga yana iya wuce kilomita uku kafin ya faɗi, yaron da kansa ya tabbatar dan yana cikin abinda aka koya masa a can. Tsohon yace biri da safe da yamma yake shiga, mutum yake tsoro da kare, gadu kuma da dare yake zuwa kuma hanya ɗaya yake bi, in ka gane hanyar ka toshe ta ka gama da shi. Yace abinda gonar take buƙata mutum biyu ne 'yan garin da za'a biya su akan lokaci, da karnuka, da tocila mai kyau, da takalman roba saboda maciji, da waya mai caji da lambar 'yan sintiri da ta DPO a ciki, kuma a daina ɗauko mai gadi daga wani gari wanda babu wanda ya san gidansu. Akan tsaro kuwa yace duk wanda yake son ya taimaka ya bi ta hannun mai gari da 'yan sintirin da gwamnatin jiha ta sani, mutum ɗaya da bindigarsa a gona shi ake fara ɗauka kuma a tafi da bindigar.

Na lura jikinsa ya yi sanyi da maganar tsohon fiye da ta lauya, inaga saboda shi tsohon a dajin yake kwana.

Daga baya shi da kansa ya ƙara gano wasu abubuwan ta ɓangaren Amurka. Ɗalibi mai bizar karatu dokar can ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi sai in yana da lasisin farauta na jiha, kuma su ma a fassararsu kwanso da garin albarushi da sauran kayan haɗin duk harsashi ne, ashe shi yasa tsohon baturen ya sa shi ya yanki lasisin farauta kafin ya barshi ya taɓa komai a garejin. Fitar da kayan haɗin harsashi daga ƙasar kuma sai da izinin gwamnatinsu, garin da 'yan maɓallan tada wutar da ke gindin kwanso ba'a shiga jirgin fasinja da su ko a jakar hannu ko a ta ƙasa. Kenan da kwalin nan ya taso da irin waɗannan kayan a ciki da laifin tun daga can zai fara, bizarsa da karatun shekara biyu duk su tafi.

Ga yadda aka yi da dala 700 ɗin. Kaso mafi girma ya tafi wajen wayar shinge mai ɗan wutar sola, irin wadda take firgita dabba bata kashewa, muka zagaye ɓangaren da gadu ke shigowa ta bakin rafi, ni na haɗa ta da hannuna. Aka biya mutum biyu da tsohon maharbin ya kawo kuɗin wata uku, aka sayi tocila biyu da takalma. Daga cikin dogon jerin nan nasa abu uku kawai suka tsira, littafin da tabarau, su ma a can zai saya ya bar su a can garejin tsohon inda zai ci gaba da koyo akan injin mai aiki ɗaya a gaban mai shi, sai kalifa mai kyau wadda yace zai sayo ya kawo min shago tunda ita ko ina aka ganta kayan aiki ce. Nace masa kuma in har da gaske wannan fannin ne yake so, na awo da ƙarfe da tagulla, toh ƙofarsa a garin nan tana Kakuri, an sabunta dokar DICON a 2023, ya gama karatunsa ya zo ya nema ta gaba da takardunsa a hannu.

Bai ce min ya gamsu ɗari bisa ɗari ba, kuma ban matsa masa sai ya faɗa ba. Ranar da zai koma a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa yace Kawu na fasa turowa amma har yanzu ina ganin ba'a yi mana adalci ba, nace ni ma ina gani. Ya goge lambar mai kagon a gabana.

An girbe masarar a watan Oktoba, ta fi ta bara nesa ba kusa ba duk da birai sun ci gefen gabas inda wayar bata kai ba. Yaya har yanzu bata je gonar ba, ni nake zuwa da rana in dawo kafin la'asar, kuma sai na kira masu gadin naji lafiya kafin in kama hanya. Satin da ya wuce ya turo min hoton kalifar a cikin kwalinta, yana tambaya ko waya nawa zata ishi gefen gabas ɗin kafin damina ta faɗi.